Ranar da na ce Yaya ta fara da sunana

"Ba Auta na ce ba, Yaya. Ni. Ki fara da sunana."

Ina tsaye a tsakar gidanmu na Kabara, gutsuren alli a hannuna, ƙyauren kicin shi ne allona. Mata huɗu suna zaune a tabarma, kowacce da littafi a cinya. Bayan la'asar ne, washegari za su zauna jarrabawa. Wadda nake ɗaga wa murya ɗin nan, wadda nake ce wa Yaya, ita ta haife ni. Shekarata goma sha huɗu lokacin, kuma a ganina duk faɗin unguwar ba a yi mai Turancina ba.

Na san 'yan bayanmu za su ce wace irin uwa ce ake ce wa Yaya, kuma mene ne abin wahala a faɗin sunan 'yar da ka haifa. To ku tsaya in gaya muku yadda gidan yake, in ba haka ba ba za ku gane girman abin da na yi ba.

Ni ce 'yar fari. Ana yaye ni aka ɗauke ni aka kai ɗakin Iya, kakata ta wajen uba. Tsakanin ɗakin Iya da na mahaifiyata bai fi taku goma ba, amma a wurina kamar wata unguwa ce daban. Na tashi na ji ƙannen babana suna ce mata Yaya, na bi sahu, ba wanda ya gyara min. Ita kuma tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Ke." "Waccan." "'Yar ɗakin Iya." In tana son in kai markaɗe ba ni za ta kalla ba, bango za ta kalla ta ce, "Wai yau ba mai kai markaɗe a gidan nan?" Ni kuma in tashi in ɗauki bokiti. In baƙuwa ta tambaye ta yaranta nawa, sai ta lissafo uku ta yi shiru, sai wata daga gefe ta ce, "Da babbar huɗu," ita kuwa ta sunkuya ta ci gaba da tsince shinkafa. Alkunya ke nan, kuma ba ita kaɗai ba, haka duk sa'anninta suke a lungunmu. Ba a yi wa ɗan fari wasa a gaban mutane, ba a yabonsa, in ya yi faɗa da ɗan maƙota shi ake bai wa rashin gaskiya tun kafin a ji ba'asi.

Gidan kuwa ba gidan shiru ba ne, kada ku ɗauka. Da sassafe tsintsiyar Yaya ce ke tashina, shar, shar, tun daga zaure har bakin rijiya, sai ka ji guga ya bugi ruwa, sai tattabarun Baba su fara gunaguni a saman katanga. Da hantsi turmi biyu ke amsa wa juna, namu da na maƙota, har Iya takan ce ita daga jin lugude ta san wadda ta kwana da fushin mijinta. Aikina wanke-wanke, kai markaɗe, tankaɗe, da tsefe wa Iya kai ranar Alhamis, tana zagina ina ramawa, don tsakanin kaka da jika ba shamaki. Da Iya nake hira, wurin Iya nake kuka, a kwanonta nake ci. Yanzu ka shiga lungun ba turmi, an rufe rijiyar, sai ƙarar janareto da layin jarkoki a bakin burtsatse, kowa kansa a waya. Ni ɗin nan da nake rubuta muku, da sunan 'yata ta fari aka san ni, Maman Ummi. Hotonta ne a fuskar wayata, ranar da ta zo ta ɗaya a aji sai da na ishi mutane da ita a sitatus. Ba wai ina cewa namu na yanzu ya fi na iyayenmu ba ne. Ni dai a tsakiya na taso, ƙafa ɗaya a ɗakin Iya, ɗaya a makarantar boko, kuma a bokon na fara ganin yadda wasu iyayen suke yi, na fara tambayar abin da a gidanmu ba a tambaya.

Abin ya fara ci na ne ranar rabon kyaututtuka a makarantarmu. Ni na zo ta ɗaya a Turanci. Ƙawata da ta zo ta biyu, ana kiran sunanta mamanta ta miƙe ta rangaɗa guɗa, ta rungume ta a gaban kowa har gyalenta na faɗuwa. Da aka kira ni na waiga ina neman Yaya a cikin mata. Na gan ta. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, tana kallon takalminta, kamar sunan ɓarawo aka kira. Na karɓi littafin da aka ba ni na dawo na zauna. A hanyar gida ba ta ce komai ba, tana gaba goye da Auta, ƙaraminmu, ina biye rungume da kyautata. Tun daga ranar na ƙulla a raina cewa matar nan ba ta damu da ni ba, na kuma riƙe abin yadda yara suke riƙewa, ban gaya wa kowa ba, ko Iya.

Iya ungozoma ce, rabin yaran lungunmu a hannunta suka faɗo. Da ƙafa ta fara gaza mata sai ta riƙa tafiya da Yaya tana riƙe mata ƙullin kaya, a hankali aikin ya koma hannun Yaya. Iya ba mai yabon suruka ba ce, amma na sha jin tana gaya wa ƙawayenta, "Yarinyar nan hannunta da sanyi. In ta dafa ciki ta san kwanciyar ɗa, ta kuma san wadda za a ce maza a yi asibiti da ita." Sai ga labari cewa asibitin da ke kusa da mu zai ɗauki ungozomomin unguwa ya ba su horo su zama nasa, amma sai mai takardar shaidar karatu, don akwai cike fom da karanta sunan magani. Yaya kuwa a aji huɗu na firamare ta tsaya, lokacin da mahaifiyarta ta kwanta ciwo ita ce mai jinya. Ban taɓa jin ta roƙi Baba wani abu ba sai wannan. Ya amince. Ta shiga ajin matan aure da ake yi bayan azahar a wata firamare, ita da maƙociyarmu Anti Talatu. Shekara biyu cur, ko ana rana ko ana ruwa. Ta gama girkin rana da wuri, ta goya Auta, ta sa littafi a leda ta fita. In tana daka ka ji tana bin taɓarya da is, are, was, were ƙasa-ƙasa. In tana jiran tukunya ta tafasa, da gawayi take rubutu a siminti, ta ji motsin mutum ta sa ƙafa ta goge.

Lissafi ba ya ba ta wahala. Turanci ne ya tsaya mata, kuma mai Turanci a gidan ni ce. Haka na zama malamar mahaifiyata. Ba ita ta nema ba, ta yaya ma za ta nema? Ajiye littafin take a kan turmi ta ce, "Wai ba mai duba min wannan?" Wallahi na ji daɗin abin ba kaɗan ba. Ban taɓa samun matar nan ta zauna kusa da ni haka ba, kafaɗarta na taɓa tawa, ina jin ƙanshin turaren wuta a zaninta, ina magana tana saurare. Da ina da hankali da na lallaɓa wannan zaman. Sai na mai da shi wurin ramuwa. In ta yi kuskure in yi tsaki. In ta yi daidai in ce, "Ai wannan ko Auta ya sani." Yanzu in na shiga gida na ga yaro yana koya wa uwarsa tura saƙon murya yana cewa, "Haba Umma, sau nawa zan nuna miki," nan take nake gane muryar, tawa ce.

Darasin da ya jawo komai shi ne wanda ake ce wa linking verbs. Malaminmu na Turanci, wani dattijo da alli ya zauna masa a ƙumba, yana da hanyarsa ta koyar da shi. Yakan ce yawancin verb ma'aikata ne, wannan ya ci, wannan ya daka, wancan ya gudu. Amma akwai 'yan kaɗan, su is, su seem, su become, da ba sa tsinana komai, dillalai ne kawai. Dillaliya ba ita ta saƙa zani ba, ba ita za ta ɗaura ba, tsayawa take a tsakiya ta ce wannan na wance ne. Abin da ya biyo bayansu kuma, wanda ake ce wa complement, ba baƙo ba ne, bayanin wanda aka fara ambata ne, kansa yake komawa. Musa is a tailor. Musan shi ne telan, telan shi ne Musa. Haka na kawo wa Yaya, ta kuwa gane a zama ɗaya, don dillalai kullum suna cikin gidanmu. Har dariya ta yi ta ce, "Ashe Turawa ma suna da su."

Matsalar daga aikin gida ta zo. Malamarsu ta ce kowacce ta rubuto jimla goma a kan mutanen gidansu, kowace jimla ta fara da sunan mutum. To ku duba gidanmu. Sunan Baba ba ta faɗa, miji ne. Sunan Iya ba ta faɗa, suruka ce. Nawa ba ta faɗa. Mai bi min sunan kakanmu ya ci, shi ma ba dama. Ta ukun takwarar Iya ce. Saura Auta. Haka ta zauna ta rubuta jimla goma cif a kan yaro ɗan shekara uku. Auta is a boy. Auta is fat. Auta looks hungry. Auta became sick. Auta seems happy. Duk daidai, ko ɗaya ba kuskure. Malama ta ba ta makinta, amma ta rubuta da jan biro a ƙasa, "Sauran mutanen gidan fa?" Da aka karanta wa Iya ta yi dariya har da tari, ta ce, "Ku ce wa malamar ta zo a aura mata ɗa a gidan nan, sai mu ga jimla nawa za ta yi." Kowa ya yi dariya. Ni ban yi ba. Abin da na gani shi ne ko a takarda, ko da Turanci, inda ba mai ji, matar nan ba za ta iya rubuta ni ba.

Shi ne ana gobe jarrabawa Anti Talatu ta kwaso ƙawayensu biyu suka zo gidanmu, wai 'yar boko ta yi musu bita. Na yi ɗaurin ɗankwali irin na malamai, na rubuta is a tsakiyar ƙyauren kicin, na bar fili hagu da dama, ina nuna mace tana cikewa. Anti Talatu ta ce, "Talatu is beautiful." Aka ce ƙarya ce amma jimla ta yi. Wata ta ce miyarta tastes good, aka ce sai an tambayi maigidanta. Ana cikin wannan raha aka zo kan Yaya. Ta ce, "Auta is a boy." Nan ne na ce ba Auta ba, ta fara da sunana.

Matan suka ɗauka tsokana ce.

"Kai, 'yar nan ba ta da ta ido," in ji Anti Talatu tana dariya. "Rabu da ita, Maman Auta, yi da sunana. Ni na ba ki aro."

"A'a, Anti, ni ce malama. Ta faɗi sunana, ta ce is my daughter. Kalma huɗu ce kacal."

Yaya ba ta ɗago ba. Ta ce a hankali, ba da ni ba, da littafin, "A ba ni wata."

"Babu wata."

Daga ɗaki Iya ta ɗaga murya, "Ke, 'yar nema, wuce wurin nan." Na ji ta sarai. Amma idon mata na kaina, alli na hannuna, abin da na daɗe ina haɗiyewa kuma ya taso min. Na sunkuya na zare littafin daga cinyarta. Na ɗaga shi sama ina juya shafuka, ina nuna musu duk inda jan biro ya taɓa tun daga farkon shekara, ina karantowa da irin muryarta, yadda take jan kalma in ta kakare. Sannan na ce, kuma wallahi har yanzu in na tuna sai kunnena ya yi zafi:

"Matar da ta kasa faɗin sunan 'yar da ta haifa ita ce za ta karanta sunan magani? Gara ki zauna a gida, kada ki je ki kashe wa mutane 'ya'ya."

Ba wadda ta motsa. Anti Talatu ta ce, "Innalillahi," ƙasa-ƙasa. Yaya ta ɗago ta kalle ni ido cikin ido, abin da ban tuna ta taɓa yi ba. Na jira ta zage ni ko ta mare ni, har so nake ta yi. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta miƙe ta shiga kicin ta tura ƙyauren. Matan suka tattara littattafansu suka zame ɗaya bayan ɗaya, ko ruwan da aka kawo musu ba su shanye ba.

Iya ta kira ni. Na shiga ina shirin bulala. Ta ce, "Zauna. Buɗe kwanon nan."

Na buɗe. Soyayyar aya ce.

"Wa ya aiko?"

"Yaya."

"Ta ce a kai wa wa?"

"Ke."

Ta wangale baki ta nuna min dasashi. "Duba da kyau, malama. Haƙori nawa kika gani?"

"Biyu."

"Shekara nawa ana aiko min da aya, da rake, da ƙanzo, da ƙashin kaza, a kai wa Iya, a kai wa Iya? Kin taɓa ganin na tauna? Cikin wa suke shiga?"

Na mayar da murfin kwanon na rufe. Ta ci gaba.

"Ina jin ku kullum, kin iya haɗa Musa da tela, amma kin kasa haɗa kwano da mai shi. Tashi ki je ki durƙusa mata tun rana ba ta faɗi ba."

Ban je ba. Na fito na tsaya a bakin kicin ina jin ƙarar muciya a tukunya, na ce bari ta huce, gobe ma rana ce ta Allah, na koma ɗaki na zauna. Ayar ma sai da na cinye.

Washegari da safe ina ɗaura takalmin makaranta Anti Talatu ta yi sallama, ta sha sabon hijabi, fensir biyu a hannu. "Maman Auta, fito mu tafi kada a rufe ƙofa." Yaya tana bakin rijiya, ta jiƙa wankin gidan gaba ɗaya, har labule da zanin gado, abin da sai ranar Asabar ake yi.

"Ku je, ina da wanki."

"Wanki? Yau? Shekara biyu fa, baiwar Allah! Don maganar yarinya?"

"Ba wanda ya yi min magana. Wanki gare ni."

Anti Talatu ta juyo ta zuba min ido. Dama take ba ni, na sani. Kuma na san da na durƙusa a bakin rijiyar nan na kama ƙafarta na ce ki yi haƙuri, da wataƙila ta ɗauraye hannu ta ɗauki mayafi. Na gyara jakata na ce na makara. Na raɓa ta gefen bahon wankin na fita.

Da Baba ya tambaya ta ce masa ta fasa, kanta ba ya ɗauka. Ba ta ambace ni ba. Iya ma ta rufa min asiri. Har Allah ya yi masa rasuwa bai san abin da ya faru a tsakar gidansa ba.

Anti Talatu ta ci jarrabawa, aka ɗauke ta, aka ba ta farar riga da jaka. Yaya ta ci gaba da zuwa in an kira ta, amma kiran ya riƙa raguwa, don mata sun koma haihuwa a asibiti, wadda ta tsaya a gida ma mai farar riga take aika wa. Bayan rasuwar Iya ya tsaya cak. Hannun da ake cewa da sanyi ya ƙare a tsince wake da yi wa jikoki kitso. Ni kuwa na wuce abina, na yi digiri a Turancin, na yi aure, na koma bayan ganuwa, wajen birni. Koyarwa nake yanzu, da safe a aji, da yamma lesin ta waya. Duk shekara sai na zo kan darasin nan, in kawo zancen dillaliya, yara su yi dariya, in ce kowa ya yi jimla. Ina ba su aikin gida a kan kasuwa, a kan dabbobi, a kan ƙwallo, amma ban taɓa cewa su rubuto a kan mutanen gidansu ba. Tsakanina da Yaya kuma lafiya lau a ido. Duk Juma'a ina zuwa. Ina da cikin Ummi, wadda sunan Yayar ta ci, na je gida wata rana ta zo wucewa ta ɗan dafa cikina sau ɗaya, ta ce wa bango, "A gaya wa likita abin nan a zaune yake." Da aka yi hoton ciki haka ne, jaririyar ba ta juya ba. Ko ranar ban tayar da maganar ba. Na riƙa gaya wa kaina ai ta manta.

Satin da ya wuce aka yi wa Anti Talatu walimar ajiye aiki a lungunmu. An kafa rumfa, an kawo lasifika, matan da ta karɓi haihuwarsu sun cika wurin da 'ya'yansu. Aka ce ta yi magana. Ta gode wa Allah, ta gode wa kowa, sannan ta ce, "Amma in faɗa muku gaskiya, wadda ta fi mu hannu duka ba ta taɓa sa farar riga ba. Ga ta can tana zuba muku zoɓo. Duk abin da na iya na dafa ciki a wurinta na gani." Ba ta kalle ni ba, ba ta ƙara komai ba. Yaya ta ce, "Kai, Talatu," ta ci gaba da zuba zoɓo. Ni kuwa na ajiye cokali, na ture farantin shinkafar gefe.

Washegari da hantsi na ɗauki Ummi muka je. Na tarar da ita a tabarma tana tsige zogale. Na durƙusa a gabanta na ce, "Yaya, maganar da na yi miki ranar bitar nan, da littafinki da na ɗaga. Ni na hana ki jarrabawa. Ki yafe min."

Ba ta kalle ni ba. Ta jawo Ummi ta zaunar kusa da ita tana gyara mata ɗankunne.

"Takwara, gaya wa uwarki ta tashi, akwai tururuwa a wurin."

"Ba zan tashi ba sai kin yafe min."

"Gaya mata ni ban riƙe kowa ba. Tun a ranar na yafe, kafin in sauke tuwo."

"To me ya hana ki zuwa? Kin san za ki ci. Ni na san za ki ci."

Ta daɗe tana tsige ganye. Ummi na kallonta tana kallona, ba ta san me ake ciki ba.

"Na san zan ci," ta ce. "Amma in na ci akwai wani karatun a gaba, na asibiti, shi ma da Turanci. Wa zai duba min? Ita ce dai. Kullum ta zauna kusa da ni, kullum ta faɗi irin wadda ta faɗa. Ranar nan, takwara, magana ta zo min har nan," ta taɓa maƙogwaronta, "irin wadda in uwa ta yi wa ɗa ba ta janyuwa, bin sa take duk inda ya sa ƙafa. Allah ya taimake ni na haɗiye. Na ce yau na iya, gobe ban sani ba. Na auna farar riga, na auna yarinyar, sai na jiƙa wanki."

Ban san sanda na fara kuka ba. Da na samu bakin magana na ce har yanzu akwai ajin manya, zan kai ta da kaina, zan zauna da ita, wallahi ba zan ƙara tsaki ba. Ta yi dariya.

"Gaya mata idona ko zare ba ya sa wa a allura yanzu. Kuma haihuwar wa zan karɓa? Duk sun tafi asibiti." Ta tura min farantin zogalen da ƙafa. "A taya ni, rana na yi."

Muka tsige tare har aka kira azahar.

Na je ne da niyyar a sauke min nauyi, na dawo da wanda ya fi shi. Ashe duk shekarun nan da nake tafiya lafiya, ina karatu, ina ci gaba, ina ganin ƙoƙarina ne, a kan shirun da ta yi a kicin ɗin nan nake tafiya. Yafiya na samu tun kafin in nema. Aikin da take so ne ba zan iya dawo mata da shi ba, kuma ba ta bar min ko ƙofar da zan gwada ba. Shi ya sa na zauna nake rubuto muku wannan a waya maimakon in duba takardun yara. Ku da kuka girme ni, da ku da kuka taɓa yi wa iyayenku irin tawa, ku gaya min: in an riga an yafe maka, amma abin da ka ɓata ba ya gyaruwa, mai shi kuma tana nan da ranta, duk Juma'a kana zaune a gabanta, me ake yi mata?